Ranar Da Namadi Ya Rina Maniyyata

A bakin tashar Ƙauran Namoda akwai wani shagon kwano da ake cajin waya, mai shi ana ce masa Namadi. Tunda ake da shi ba wanda ya taɓa jin ya ce bai san abu ba. In mota ta mutu shi ne makanike, in akuya ta ƙi cin dusa shi ne likitan dabbobi, in gardamar ƙwallo ta tashi shi ne alƙali. Iliminsa kuwa duk a wayoyin mutane yake kwaso shi: a kawo caji, mai waya ya ba da baya, Namadi ya buɗe bidiyo ya hau karatu. Shi ya sa 'yan tasha suke kiransa Furofesa. Su tsiya suke yi masa, shi kuwa har gyara zama yake in ya ji.

Yana da wa, Malam Jibrilu, tsohon hedimasta, mutum mai sanyin hali da farin gemu ƙal. Da ya ajiye aiki sai ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya biya kujerar Makka. Ana gab da tantance lafiyar maniyyata sai taifot ya kayar da shi. Aka sallamo shi daga asibiti ya rame, riga na yawo a jikinsa, abinci ba ya wuce masa maƙogwaro. Likita ya ce ya ƙarasa maganinsa, ya yawaita ruwa da 'ya'yan itace da ganye. Abin da ya hana gidan sukuni shi ne, in ranar tantancewa ta same shi a haka, ce masa za a yi ya bari sai baɗi. Malam kuwa shekaru sun ja, ba ya son jin kalmar baɗi.

Namadi ya zo dubiya ya tarar da Maimunatu, matar Malam, tana ɓare masa lemu. Ita da Namadi dama ba sa haɗuwa ba su taɓa ba.

"Matar Yaya, mi kike yi haka?"

"Lemu nike ɓare ma yayanka. Ko shi ma sai an kalli bidiyo?"

Namadi ya kama baki. "Lemu guda! Da haƙori! Ke duniya ta bar tauna tun tuni, niƙa ake yi yanzu. Haƙori kashe bitamin shike yi kahin shi kai ciki. A haɗa kankana da abarba da karas da zogale, a jehwa kurkum, a niƙe. Mutum ko a makara shike, shi sha kohi guda, shi sauko shi taya masu ɗaukarshi."

Malam ya ce da muryar mara lafiya, "Namadi, likita cewa ya yi in ci 'ya'yan itace."

"Yaya Malam, likita rabi ya hwaɗa muku, ya ɓoye rabi don ku koma. Ku bar min wanga aiki. Ranar tantancewa da gudu za ka shiga, sai an riƙe ka."

Maimunatu ta ce, "Allah shi sa mu da za mu riƙe shi muna da rai."

Ranar Alhamis Namadi ya rufe shago ya nufi kasuwar Shinkafi. Da la'asar ya dawo da buhu cike da kankana da abarba da mangwaro da karas da gurji, ga damin zogale, ga citta, ga wata tsohuwar bilenda 'yar gwanjo a hammata. Baturiyar da ya gani tana wannan haɗi a bidiyo ɗan guntun kurkum ta jefa, bai fi kan yatsa ba. Namadi ya yi lissafi cewa wannan na cikin Baturiya ne. Cikin Bazamfare da ya tashi da tuwon dawa ba a yi masa wasan yara. Don haka tiya guda ya auno, busasshe, mai tauri kamar tsakuwa.

A shago ya fara aikin, don 'yan tasha su shaida. Ya jona bilendar a layin da wayoyin mutane suke caji, ya cusa mata kankana har wuya, ya danna kurkum a kai, ya ce wa jama'a su matso su ga ilimi.

Ya murɗa. Bilenda ta yi wata ƙara kamar an zuba duwatsu a garwa. Ta fara rawa a kan tebur, ta yi tsalle ta nufi wayoyin mutane, Namadi ya rungume ta. Murfi ya ƙwace ya daki rufin kwano. Kankana ta tashi sama ta dawo a kan masu kallon ilimi. Hayaƙi ya turnuƙe, janareta ya yi tari ya mutu.

Wani direba ya zaro wayarsa daga cikin ɓawon kankana yana girgiza ta. "Furofesa, wayata ta sha magani. Ita ma Makka za ta?"

Namadi ya share fuska. "Laihin inji na. Na Turawa na, ba shi da jini a jika. Kayana sun hi ƙarhinshi. Wanga haɗi sai babban inji."

Babban inji a unguwarsu shi ne injin markaɗen Tijjani. Namadi ya isa da bokitai ya tarar da layin mata, a gabansu Furera mai koko, wadda rabin unguwa ke karyawa da kokonta. Ya ratsa su yana cewa a ba shi hanya, aikin ceton rai ne.

Tijjani ya ce, "Dakata in wanke inji, yanzu na gama tattasai da attarugu na gidan suna."

"Kak ka wanke! Kana wanki bitamin na tsiyayewa. Zuba!"

"Abarbar ko ba a here ta?"

"Ƙarhin ai a ɓawo shike."

Tijjani ya ɗaga kafaɗa ya ja inji. Abarba ta shiga da ƙayarta, kankana da ɓawonta, mangwaro har da ƙwallo sai da Tijjani ya sa hannu ya ƙwato. Da aka juye tiyar kurkum, inji ya yi gurnani, bel ya yi ƙara, sannan wani abu ya fara kwararowa, rawaya shar, mai kauri, yana tururi. Matan da ke kusa suka fara atishawa. Namadi ya tace ya ɗura a babbar jarka, ya ɗora a ka ya wuce yana taku ɗai-ɗai.

Bai san abin da ya bari a baya ba. Tijjani ya wanke inji, ya sake wankewa, amma ƙullun Furera ya fito kamar garin ɗorawa. Mai waken awara ta zuba nata, haka. Mai masarar tuwo, haka. Washegari duk gidan da ka leƙa a unguwar abin karin kumallo rawaya ne. Hantsi bai yi ba sai ga Furera a ƙofar shago da ludayi a hannu.

"Namadi, hito! Tun ina amarya nike sai da koko hwari tas. Yau wani ya tambaye ni ko ƙwai na hwasa ciki. Wani ya kurɓa ya ce abarba ta da yaji, ya aje min kohi ya tahi wurin mai shayi!"

"To ke ba godiya za ki yi ba? Rigakahi na yi ma unguwa kyauta. Ki duba ki gani, bana ko mura ba mai yi."

"Kai za ka yi ta, in na rotsa ma ludayin ga!"

Sai da 'yan tasha suka shiga tsakani.

Shi kuwa Malam Jibrilu, ranar ya karɓi kofinsa na farko. Ya dubi abin, ya dubi ƙanensa da ya tsaya a kansa yana murmushi, kunya ta hana shi ƙi. Ya yi bisimilla ya kafa kai. Kurɓa biyu ya yi ya tsaya cak. Idanunsa suka firfito. Hawaye ya ɓalle, gumi ya karyo, ya buɗe baki yana fifita harshe da hannu. Mutumin da ake kamawa kafin ya tashi zaune, sai ga shi ya miƙe da kansa ya yi randa da sauri.

Namadi ya yi tsalle. "Kun gani! Ya tashi! Ban ce muku da gudu ba?"

"Ruwa!" in ji Malam. "Hura! A ba ni hura!"

"Allahu Akbar, har cin abinci ya buɗe! Matar Yaya, ƙaro kohi."

Maimunatu ta dubi fuskar mijinta. Farin gemun nan da ake ganin kwarjininsa tun daga bakin masallaci ya koma kamar jelar ɗan tsako. Ta ajiye kwanon fura, ta ɗauki muciya.

"Ɗauki jarkarka."

"Ai sha ukku a rana a ƙa'ida…"

"Ɗauki jarkarka, Namadi, tun ina ganin girman Malam. In ta sake shigo min gida, kai da ita zan tuƙa."

Namadi ya fita yana cewa dama masu ilimi haka ake yi musu a gidajensu. Ya kai jarkar shago, ya naɗa leda a bakinta, ya murɗa murfi iya ƙarfinsa, ya ɗaure da robar taya, don kada bitamin ya sami hanyar gudu. Lokacin kuwa bazara ce, irin zafin da kwano ke ƙona hannu. Jarka ta kwana, ta wuni, ta sake kwana. Ta fara kumbura. Gefenta da yake a miƙe ya yi tulu. In shago ya yi shiru sai a ji tana wani guna-guni a ciki.

'Yan tasha suka ce, "Furofesa, jarkarka ciki gare ta?"

"Ƙarhi na shike taruwa. Ku ba ku san kimiyya ba."

A can gida Maimunatu ta ci gaba da abin da ta saba: magani a kan lokaci, lemu da kankana a yanka a faranti, kunu, romo, miyar zogale. Gemu kuma ta bi shi da sabulu da lemun tsami har ya dawo hayyacinsa. Malam ya fara cin tuwo, ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa. Da labari ya kai wa Namadi sai ya buga ƙirji ya ce kurɓa biyu ke nan, ina ga an bar shi ya shanye jarka.

Nan wata dabara ta faɗo masa. Ranar tantancewa maniyyatan Ƙaura da na Shinkafi da na Zurmi duk wuri guda za su taru, yawancinsu tsofaffi, wannan na ciwon gwiwa, wancan na tari. In ya ba kowa kofi guda suka shiga wurin likita suna tsalle, ai sunansa har Makka.

Ranar ta zo. Harabar asibiti ta cika, an kafa rumfa, maza a gefe mata a gefe, kowa ya sha fararen kaya kamar ranar idi. Malam Jibrilu na zaune a layin gaba cikin babbar rigarsa, Maimunatu na can cikin mata tana hango shi. Sai ga ɗan kabu-kabu ya shigo da Namadi a baya, ya rungume jarka a cinya. Duk ramin da ke hanya sai da suka faɗa shi, jarka ta sha girgiza har tana tsuwa. Namadi ya sauko sanye da wata farar rigar likitoci da ya aro, hannunta bai kai masa gwiwar hannu ba.

Malam ya runtse ido ya ce, "Inna lillahi."

Namadi ya dire jarka a tsakiyar rumfa ya ɗaga murya. "Alhazan bana, salamu alaikum! Ku dubi wancan dattijo. Yayana na, uwa ɗaya uba ɗaya. Kwanan baya sai an juya shi. Kurɓa biyu ya yi ma abin da ke cikin jarkar ga, yau ga shi kamar angon bana. Wanda duk ya sha, ɗawahi sai dai a ce mishi ya isa haka!"

Wata tsohuwa daga Zurmi, Iya Saliha, ta leƙo daga cikin mata. "Ɗan nan, jarkar taka kuka take yi."

"Zumuɗi na, Iya. Ta ƙagara ta yi aiki."

Wasu tsofaffi suka matso da kofunansu, wai a gwada. Namadi ya kwance roba. Murfi ya ƙi murɗuwa. Ya sa gefen riga, ya ƙi. Ya hau jarkar ya zauna kamar mai hawan jaki, ya matse ta da cinyoyi, ya karɓi filaya wurin ɗan kabu-kabu, ya ce, "Kowa shi miƙo kohi."

Bummm!

Murfi ya huda rumfa ya wuce, ba a sake ganinsa ba. Wani ruwa rawaya mai kumfa ya yi sama kamar an fasa bututun famfo, ya daki rufin rumfa ya bazu, ya sauko wa jama'a kamar ruwan farkon damina. Jarka ta zille daga ƙarƙashin Namadi ta yi cikin layin gaba tana feshi tana juyi, shi kuma ya faɗi rigingine ƙafafu a sama. Tsofaffin da ke kukan gwiwa suka tsallake benci. Wani mai sanda ya yar da sandar ya riga kowa kaiwa bakin ƙofa. Hula da takalma da carbi suka watse.

Da ƙura ta lafa, ba sauran farar riga ko ɗaya a rumfar. Sannan wari ya taso.

Iya Saliha ta ja hanci, ta sake ja, ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Jama'a, wanga ai burkutu na!"

Wani ya ce, "Iya, ina kika san warin burkutu?"

"Hanci gare ni, ɗan nema! Kai ka ji shi kamar turare?"

Wuri ya kaure da salati. Maniyyata aikin Hajji, an yi musu wanka da abin da ya yi tsami ya tashi. Malaman da ke cikinsu suka fara gardamar hukuncin tufafin tun suna ɗiga. 'Yan agaji biyu suka ɗago Namadi ta hammata.

"Wallahi ba giya ba ta!" yake ihu. "Bitamin na ya nuna! Ku tambayi Tijjani mai inji, kankana ta da abarba!"

Ana cikin haka malamar asibiti ta leƙo da takarda ta kira, "Jibrilu hedimasta!"

Malam shi ne jarka ta fi yi wa aiki, don a gabansa ta ƙare juyinta. Ya share abin da zai sharu ya shiga. Likitar, wata matashiya da ba ta san abin da ya faru a waje ba, ta ɗago kai ta ga dattijo rawaya tun daga goshi har tafin hannu, ga takardarsa ta nuna bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Ta miƙe tsaye.

"Subhanallahi! Baba, shawara ce ta kama ka haka? Wannan ba maganar tafiya, gado za a ba ka yanzu."

Malam ya dafa tebur. Abin da ya kwana yana tsoro ke nan, ga shi ya zo ta inda bai zata ba.

Sai ga Maimunatu ta kutso, ita ma rabin mayafinta rawaya. "Likita, don Allah dubi ƙwayar idonshi kahin ki rubuta komi." Ta tsoma gefen mayafi a ruwa ta murza goshin Malam, ta nuna mata. "Ba shawara ba ta. Ƙane gare shi."

Likita ta ja fatar idon Malam ta ga fari tas. Ta leƙa taga ta ga rumfa guda ta mutane kalar ɗorawa suna matse riguna, ga wani cikin guntuwar rigar likitoci ana riƙe da shi yana rantsuwa da abarba. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna. Da ta samu kanta ta auna Malam, ta sa aka ɗebi jininsa, sakamako ya fito lafiya lau. Ta buga masa hatimi tana share hawaye.

"Baba, katin rigakafi muka ce ku zo da shi rawaya, ba maniyyaci ba. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya."

Malam ya fito yana hamdala, takardarsa a hannu.

A waje dattawa suka yanke cewa tunda wauta ce ba mugunta ba, ba za a kai Namadi gaba ba, amma duk rigar da ya ɓata shi zai wanke ta. Aka tara masa tsibi a bakin famfon unguwa. Ya yi ta cuɗa, ya yi ta dirza, Furera ta kawo kujera ta zauna tana nuna masa inda bai fita ba, ko'ina kuwa bai fita ba. Kurkum ya kama shadda ya ce ba inda za shi. Har aka fara kiran maniyyata sansani, in ka ga dattijo da riga mai ɗorawa-ɗorawa ba sai ka tambaye shi daga ina yake ba.

Ranar da Malam zai tashi gida ya cika da masu sallama, kowa na ba da saƙon addu'a. Namadi ya matso da hannayensa da sabulu ya cinye, ya durƙusa ya rage murya.

"Yaya Malam, in ka je gaban Ka'aba ka roƙa min Allah Shi hore min injin kaina, babba, da firji. Na gano inda kuskuren yake. Wanga karo tiya biyu za ni sa."

Malam ya dube shi. Sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Amana ce, zan isar. Sai dai ka sani, Maimunatu da Furera da Tijjani, da wata tsohuwa da ta aiko takanas daga Zurmi, duk sun riga ka ba ni saƙo in roƙa Allah Shi raba ka da inji. Nasu zan hwara kaiwa, don sun hi ka yawa."

Tsakar gida ta amsa da amin gaba ɗaya, har da waɗanda ba su ji abin da aka ce ba. Namadi ya waiga, ya ga kowa ya shafa, shi ma ya ɗaga hannu ya shafa.